Ɓerayen Zulaiha Sun Yi Jan Baki

Alhamis, 20 ga Yuni, da hantsi

Ɓerayen Zulaiha sun yi jan baki. Na rubuta a fili don in ga ko abin zai rage muni a kan takarda. Bai rage ba.

Ni Ya'u, baduku ɗan baduku, tun ina yaro a Djougou nake rina fatar akuya da karan dafi, har na yi furfura a nan unguwar Kpébié ta Parakou. Babu abin da ban sani ba a kansa, sai abu ɗaya da ya kwanta mini ranar Litinin: cewa yana rini. Fararen ɓeraye ne tas, kamar an wanke su da bula. Yanzu na keji na uku kowa ya fito baki ja, ƙirji ja, hannuwa ja, sai ka ce ƙawayen amarya. Na kama ɗaya na goga masa tsumma da sabulu, ya gode mini da cizo a babban yatsa. Jan bai fita ba. Ai da ma ba zai fita ba. Da yana fita da tuni masu sayen takalmana sun kore ni daga garin nan.

Ga yadda aka yi, ko da wani zai karanta bayan 'yata ta gama da ni. Zulaiha tana shekarar ƙarshe a jami'a, kuma aikin da za ta kare gaban malamanta a kan zinariya ne. Ba irin ta kunne ba. Wannan an mai da ita gari, garin da ido ba ya gani, tana cikin ruwa a 'yar kwalba, ruwan kuwa ja. Wai ana fatan wata rana a yi magani da ita, amma sai an fara sanin abin da take yi wa jini. Shi ne ta raba ɓeraye keji uku: na farko ba a yi musu allurar ba, na biyu kaɗan, na uku da yawa. In wata ya cika a ɗebi jininsu a ƙirga ƙwayoyinsa. Rufin ɗakin ɓerayen makarantarsu ya sauko da ruwan farko, sai malamarta ta yarda ta kawo su gida. Muka sa su a ɗakin marigayiya Hajjo, uwarta, tunda shi ne babu kowa.

Ta gama allura, ta tafi Cotonou bayan salla karɓo kayan awo. Ta bar mini wannan kaye da bik, wato littafin rubutu da biro, ta ce abinci, ruwa, rubuta. Abu uku, har da ɗaga yatsu, kamar tana magana da ɗan aji ɗaya. Ni kuwa aji uku na yi a lakwal, makarantar boko, saboda haka na ƙara na huɗu.

Alhamis, bayan la'asar

Ranar Litinin ɗin na ga na keji na uku kunnuwansu sun yi fari, suna kwance a lungu, ba sa ɗokin abinci. Na san wannan farin. Na taɓa ganinsa a tafin hannu, na gan shi a cikin ido in an ja fatar ƙasa. Ban yi shawara da kowa ba, ƙafata ce ta kai ni madafi. Tukunyar tana nan inda take, bayan randa. Na dafa karan dafi, na tace, na bari ya huce, na zuba musu a kwalbar ruwansu, yadda ake ba mai ƙarancin jini. Sun sha kuwa, har ina yi musu sannu.

Gobe take dawowa.

Juma'a, 21 ga Yuni, bayan an sauko daga masallaci

Zem, acaɓan garin nan, ya sauke ta da kwali a ka. Ta gaishe ni a tsaye, ta wuce ɗakin ko takalmi ba ta cire ba. Ni kuma na ɗauki tsintsiya na hau share tsakar gidan da na riga na share.

Ta jima a ciki. Da ta fito, tambaya ɗaya ta yi.

"Baba, kwana nawa?"

"Uku, Inna."

Inna nake ce mata, sunan mahaifiyata gare ta, kuma yau da idon mahaifiyata ta dube ni. Na so ta yi faɗa. Ba ta yi ba. Ta zauna a bakin rijiya ta yi mini bayani a hankali, wanda ya fi faɗa ciwo. Ta ce yanzu in ta auna ta ga jininsu lafiya, ba ta san ko zinariyar ce ba ta cutarwa ko tukunyata ce ta gyara ba. In ta ga ya lalace, nan ma ba ta san wa za ta kama ba. Aikin wata da watanni ya zama ba shi da amsa.

Na ce to ai kwance na gan su, ba sa motsi. Ta ce, "Ɓera da rana barci yake yi, Baba."

Ni da ɓeraye suka cinye mini fatu a rumfa tun kafin a haife ta, ban taɓa tambayar kaina me ya sa ba ma haɗuwa da rana ba.

Asabar, da magariba

Ta yi tuwo, ta ajiye mini a ƙofa, ta ci nata a ɗaki.

Lahadi, 23 ga Yuni, da hantsi

Na gwada wasa. Na ce mata maƙwabcinmu Muttaƙa yana da ɓeraye cike da sito, manya-manya, sun ƙoshi da masara, kyauta zai ba mu har da godiya. Ta ce to. To kawai.

Hajjo takan yi dariya ko da labarin da ta ji sau ɗari ne. Sai ta rufe baki da gefen gyale, kafaɗunta na rawa, ta ce Malam ka ji tsoron Allah. Malam take ce mini, alhali ba abin da na karanta. Ina jin ita ta ɓata ni. Mutum ya shekara talatin yana zaton shi gwanin ban dariya ne, ashe mai sauraro ya dace da ita.

Litinin, 24 ga Yuni, bayan azahar

Na ji ta a waya da malamarta, da faransanci. Faransancina na aji uku ne, amma kunnena ya tsinci abin da ya tsinta, sauran na tambaye ta, ta amsa tana wanke kwano, ba ta juyo ba. Sai an sake daga farko, da sababbin ɓeraye. Zinariyar da ta rage rabin kwalba ce, ta sau ɗaya, in ta ƙare babu wata. In ba ta kare aikin a Satumba ba, shekarar ta tafi.

Akwai abin da ban tambaya ba don na fahimce shi sarai. Ta ce wa malamar, c'est ma faute. Wannan na san shi, wato laifina ne. Shi muke faɗa wa mushe, malamin lakwal, kafin bulala ta sauka. Ba ta ambaci sunana ba.

Talata, da la'asar

Ta haɗa jaka. Za ta zauna a unguwar Ganou wurin ƙawarta Hamida, can za a kai sababbin ɓerayen in sun iso. An zo da a-kori-kura an kwashe kejin. Na taya su ɗauka, wanda ya cije ni yana kallona da jan bakinsa.

Ɗakin ya yi shiru karo na biyu.

Laraba, da magariba

An yi ruwa. Na dafa shinkafa ta mutum biyu.

Juma'a, 28 ga Yuni, Djougou, bayan la'asar

Na zo sayen fatun layya. Haka na faɗa wa Muttaƙa, haka na faɗa wa direba, haka na faɗa wa Yaya Mariyatu da ta buɗe mini ƙofa. Ta dubi yatsana da ke naɗe da tsumma, ta ce sannu da zuwa likitan ɓeraye. Ashe labari ya riga mota.

Ta yi dariya har ta riƙe bango. Na ji daɗi, na kwana biyu ba a yi mini dariya ba.

Na leƙa rumfar mahaifinmu. Yanzu wani yaro ne ke sayar da fetur a kwalabe a wurin. Amma kututturen da muke buga fata a kai yana nan, sun mai da shi kujera. Na zauna a kai, na sa hannu ƙarƙashi, na ji tsagar da na yi masa da wuƙar Baba, ranar da na sha mari biyu, ɗaya don kututture ɗaya don wuƙa. A da, tun daga bakin layi kake jin warin jima da bagaruwa, baƙi su toshe hanci, mu kuwa mu ji yunwa don mun san mun iso gida. Baba yana zaune da basilla a baki, yana magana ta gefe ɗaya. Shi ya cire ni daga lakwal, ya ce hannuna ya fi kaina. Ga shi kuwa hannun ne ya ja mini.

Asabar, 29 ga Yuni, da rana tsaka

Na hau zem zuwa Partago. Ban san me na je nema ba. Na sani.

Nan Baba yake aikena da keke in sayo karan dafi wurin mahaifin Hajjo. Gonarsu tana bayan rafi, in ta nuna sai ka ga kamar an yanka dabba an shanya a kan kara. Ita ke ɗaure dami. Tafin hannunta ja wur, ba lalle ba komai. Sai ta ƙara mini dami ɗaya ba tare da ta dube ni ba, mako na gaba biyu. Ranar da na dawo da kayan da keke ya kasa ɗauka, Baba ya dubi kaya, ya dube ni, ya cire basilla daga baki, ya ce a nemo goro.

Gonar yanzu itatuwan kaju ne daga farko har ƙarshe. Wata tsohuwa a gefe tana da 'yan kara kaɗan a bayan ɗaki, ta ce in saya. Na sa hannu a aljihu, na fito da shi yadda ya shiga.

Lahadi, 30 ga Yuni, bayan karin kumallo

Yaya ta kawo koko da ƙosai, ta zauna, ba ta ci ba. In Yaya ta zauna ba ta ci ba, to kai ne abincin.

Ta tambayi ina fatun. Na ce sun yi tsada bana. Ta ce ko ɗaya ban taya ba, an gaya mata. Na fara ba ta labarin ɓeran da ya cije ni, da ƙarin gishiri, sai ta ɗaga hannu.

"Ya'u, damina guda kana dafa wa Hajjo abin nan. Wa ke riƙe maka rariya?"

Na juya ludayi a cikin koko.

"Yarinyar nan ce, tana tsaye kan turmi don ta kai. Kana tsammani da wasa ta zaɓi karatun jini? Yanzu ta ɗauki laifinka ta aza a kanta, kai kuma ka zo sayen fata."

Na ce kokon ya yi tsami. Ta ce motar Parakou tana tashi kafin azahar.

Talata, 2 ga Yuli, da yamma

Yau na shiga jami'a, karon farko a rayuwata, da rigar Juma'a ranar Talata. Na tafi da shaida biyu: yatsana da wani ƙyallen jar fata.

Duk hanya ina haɗa faransanci, ina rushewa. Da na isa gaban Madam Sumaya, malamar Zulaiha, na buɗe baki na ce bonjour, sauran ya gudu. Sai ta ce da Hausa, Baba sannu da zuwa, a zauna. Ashe 'yar Zango ce.

Na ajiye fatar a tebur, na ce ni ne, ba yarinyar ba. Ta ce ta sani tun ranar da ta ga ɓerayen, don ba ta taɓa samun ɗalibin da kuskurensa ya zo da kwalliya ba. Ta cire tabarau ta share ido. Da ta gama dariya kuma ta koma malama. Ta ce Satumba Satumba ce, ba ta da ikon matsar da ita, kuma ɗakin ɓerayensu har yanzu ba rufi. Inda za a ajiye sababbin, wannan Zulaiha ce za ta yanke.

Na tambayi masu jan bakin. Ta ce 'yan ajin farko za su koyi aiki da su. Ban tambayi wane aiki ba.

Muna cikin haka Zulaiha ta shigo da farar riga. Ta gan ni, ta ga fatar, ta tsaya. Madam ta ce ta nuna wa mahaifinta abin da take ƙirgawa. Ta kama yatsana, mai lafiyar, ta soka allura. Ni dai na san ba sai an soka haka da ƙarfi ba, amma na ga ba ni da bakin magana. Ta shafa ɗigon a gilashi, ta yi 'yan dabarunta, ta sa ƙarƙashin madubi mai ƙara girman abu, ta ce in rufe ido ɗaya.

Da farko gashin idona kawai na gani. Can sai ga su. Kamar an baza masa a faranti, ƙanana, zagayayyu, tsakiyarsu a loɓe, ba iyaka. Duk wannan a cikin ɗigo ɗaya na tsohon baduku. Ta ce waɗannan ne jajayen, su ke ɗaukar numfashi su kai ko'ina a jiki, su take so ta ga ko zinariya tana fasawa ko tana ƙyale su.

Ban ɗaga kai ba na ce, "Na uwarki ma haka suke?"

"Nata sun yi kaɗan, Baba. Jikinta ya daina yin su. Ba abin da tukunya za ta iya."

Na ci gaba da kallon masa.

"Amma tana son ruwan karan dafin," in ji ta. "Ta ce mini yana mata ƙanshin Partago."

Sai da aka ba ni kujera da ruwa. Na gaya musu allurar ce, ba na jure allura.

Alhamis, 4 ga Yuli, da hantsi

Na share ɗakin Hajjo. Na toshe ramin da ke bayan ƙofa, kada ɓerayen gida su shigo su ga 'yan'uwansu masu ilimi. Ba wanda ya ce in share.

Asabar, da la'asar

Ba ta kira ba. Na sayi kwaɗo a kasuwa, mai makulli biyu.

Litinin, 8 ga Yuli, bayan azahar

Ina ɗinkin takalmi na ji a-kori-kura a ƙofar gida. Keji uku, sababbin ɓeraye farare kamar ba su san duniya ba, da jakarta a sama. Ta ce gidan su Hamida akwai kyanwa. Na san gidan su Hamida. Ban taɓa ganin kyanwa ba, amma ban zo duniya don in ƙaryata kyanwar mutane ba.

Da aka shigar da su na kawo kwaɗon, na miƙa mata da makullan duka biyu. Na ce ta kulle, ta tafi da su makaranta, ni da ɗakin sai daga nesa. Ta juya shi a hannu, ta mai da mini. Ta ce kullum tana labo, ɗakin gwajinsu, daga safe har yamma, ɓera kuma ba ya jiran a tashi daga aiki kafin ya ji ƙishirwa.

Sannan ta zauna a bakin gadon uwarta, abin da ba ta yi ba tun waccan shekarar.

"Baba, wataƙila wasu su rame da gaske wannan karon. Kai za ka fara gani, don kai ke gida. In ka gani ka rubuta. Abin da nake nema ke nan. In ka taimake su, ba zan taɓa sani ba, wanda za a ba maganin nan gaba shi ma ba zai sani ba."

Na ce to in kai tukunyar gidan Muttaƙa, ido ya daina ganinta. Ta ce a'a, a bar ta inda Hajjo ta bar ta.

Da magariba ta kawo tuwo tsakar gida, kwano biyu. Na sake ba ta labarin ɓerayen siton Muttaƙa. Ta ce Baba ka ji tsoron Allah.

Litinin, 15 ga Yuli, da safe

Sun saba da gida, yau aka fara allura. Ni ne mai riƙe fitila. Na ga kwalbar a kusa, ruwan ja, ɗan kaɗan a ƙasa. Launinsu ɗaya da na tukunyata, wallahi, in ka ajiye su gefe da gefe uwarsu ma ba za ta raba su ba. Ban faɗa ba.

Ta ce kada in sa musu suna, don in wata ya cika aka ɗebi jini ba za su dawo ba. Na ce ni da sa wa ɓera suna, ina da aikin yi.

Alhamis, da azahar

Abinci. Ruwa. Na rubuta.

Laraba, 24 ga Yuli, bayan la'asar

Akwai ɗaya a keji na uku, mai tsagaggen kunne. Ɗan Partago nake ce masa, a zuci. Tun jiya bai taɓa abincinsa ba. Na jira har rana ta yi sanyi, don yanzu na san da rana barci suke. Sauran sun tashi suna haye-haye, shi yana lungu. Kunnen ya yi fari. Wannan karon ba idona ba ne.

Ban san lokacin da na tashi ba, sai ganina na yi a ƙofar madafi. Tana nan bayan randa. Akwai gawayi, akwai ashana, akwai ragowar kara a rumfa. Na tsaya har ladan ya gyara murya. Sannan na dawo na zauna a bakin gadon, na ɗauki bik.

Inna, ga shi: keji na uku, mai tsagaggen kunne, bai ci ba tun jiya, kunne fari, numfashi sama-sama.

Sauran watan yana gabana, kuma bashi ne da kike bina. Kullum zan zo in zauna nan, in duba, in sa hannuwana a cinya. Da fata ce da na san yadda zan biya.

Abinci. Ruwa. Na rubuta.